Abin da Kwamitin Karramawa Ya Koya Mini

Da ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban jami'a ta sa ni a kwamitin zaɓen wanda za a karrama kan nasarar aiki da hidimar al'umma, na ɗauka aikin shan lemo ne da sa hannu. Ashe da sauran rina a kaba.

1. Mai aiki ba ya da lokacin yabon kansa. Mun ce kowa ya aiko da tarihin aikinsa. Masu sakatarori suka aiko da kundi mai sheƙi, har da hotunan yanke zare. Wata likita kuwa, wadda ta koyi ɗinkin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina sannan ta koma wani asibitin ƙaramar hukuma, rabin shafi ta rubuto, shi ma sai da aka matsa mata. Ni da hannuna na tura takardarta ƙasa, ina cewa ba ta ɗauke mu da muhimmanci ba. Gaskiyar magana, ita ce ba ta ɗauki kanta da muhimmanci ba.

2. Mai biyan kuɗin zaure yakan so kujerar gaba. Ma'ajinmu ya kawo sunan wani mai riƙe da muƙami, ya raɗa mana cewa zai ɗauki nauyin zaure da abinci. Ban musa ba, don ni ma na san asusunmu fayau yake. Wani dattijo a cikinmu ne ya tuna mana cewa a 2012 shugabannin jami'o'in Najeriya sun taru a Keffi, suka amince a daina bai wa masu riƙe da muƙaman siyasa digirin girmamawa. Tamu lambar ba digiri ba ce, amma cutar ɗaya ce. Dattijon ya ce, "Ƙannena, ku bari ya sauka tukuna, mu ga ko za ku tuna da shi." Kowa ya sunkuyar da kai, har da ni mai yawan surutu.

3. Shaidar hidima tana bakin waɗanda aka yi wa. Dattijon ya tilasta mana tafiya garin likitar. Mai unguwa bai san sunan digirinta ba, amma ya lissafa mana gidajen da aka mayar da aure bayan ta yi wa matan aiki. Wata ungozoma ta ce ko tsakar dare aka buga wa likitar waya tana ɗauka. Na so a ce wani ya faɗi aibinta ko ɗaya, don in rage kunyar takardar nan. Abin da na samu kawai shi ne wai tana da faɗa in an makara kawo mai naƙuda.

4. A yaba wa mutum yana ji. Dakta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana mai ɗauke da cutar Ebola fita daga asibiti a Legas, ta rasu a watan Agusta na 2014, lambar ƙasa kuwa sai a 2022 ta zo. Wannan ya sa na ƙi yarda da masu cewa likitarmu yarinya ce, a jira ta manyanta. Mun ba ta lambar. Ta karɓi allon, ta yi godiya a taƙaice, sannan ta ce, "Yayyena, injin ɗakin tiyatarmu ba mai." Nan take aka yi ta alƙawura da tafi. Ni aka ɗora wa karɓo su, kuma har yau wasu ba sa ɗaukar wayata.