Yadda ɗan ƙarfe ya kusa raba ni da mutumin garinmu

Wasunku sun ga Kantata a fake bakin hanyar Orozo a daminar 2022, har aka yi ta kirana ana jaje. To ga yadda abin ya faru.

Motar nan ba tawa ba ce ni kaɗai. Gonar gadonmu ta Malumfashi muka sayar ni da yayana muka saye ta, ni nake juya ta a nan Karshi, tana ɗaukar bulo da siminti, wani lokaci doya, duk wata in tura masa kasonsa. Da giyabos ɗinta ya fara fitar da giya uku da kansa, bakanikena, wanda ɗan garinmu ne kuma tare muke sallar Juma'a, ya ce gyara ɓata kuɗi ne, mu nemi na Beljiyam. Muka tafi Apo. An ba da kwangilar hanyar Apo zuwa Karshi tun 2011, amma a lokacin ba a gama ta ba, sai da muka zagaya ta Kurudu, Jikwoyi, Karu da Nyanya. Muka samo wani mai tsabta. Mai kayan ya ce ba na shekarar motata ba ne, amma kusoshinsa za su hau. Suka kuwa hau.

Kwana uku lafiya lau. Ran na huɗu direba ya kira ni, wai ya ɗauko bulo, a kan hawa yana taka totur injin na ihu, mota kuma na tafiyar hawainiya, ga wani wari kamar ana ƙona fata. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san wannan, kuloci ne ke sulɓewa. Farantin da ke tsakanin injin da giya ba ya damƙuwa sosai, sai ya riƙa gogawa yana cin kansa.

Na fara da direba. Na ce shi ke ɗora ƙafa a kan kuloci yana tuƙi. Yaron ya rantse, ban saurare shi ba. Aka sauke giyabos, aka sa sabon faranti da firesha, na biya. Bayan mako biyu abu ya dawo, wannan karon har ba lodi. A nan ne shaiɗan ya samu ƙofa. Wani ya raɗa mini cewa ai bakanikai sukan karɓi kuɗin sabo su mayar da tsoho, ni kuma ga yayana na ta waya, wata biyu bai ga ko kwabo ba. Na je gareji na faɗa wa mutumin nan magana a gaban yaransa. Bai ce komai ba, ya shiga ya ɗauko tsohon farantina ya ajiye a gabana. Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Wani dattijo ne, tsohon direban tifa da ke zama wajen mai shayi, ya ce in kai shi ya gani. Bai kunce komai ba da farko. Ya ja birkin hannu, ya sa giya huɗu, ya saki kuloci a hankali. Mota mai lafiyar kuloci nan take za ta mutu, tawa ta ci gaba da ruri. Ya leƙa ƙarƙashi ko akwai baƙin mai ko man giya da ke ɗiga daga mahaɗar injin da giyabos, don in mai ya taɓa faranti haka yake yi. Wurin a bushe. Sai ya danna fedar da hannu, ya ce, “Ɗana, ina wasan da ke nan?” Ashe ya kamata feda ta ɗan yi lako-lako kamar faɗin yatsa kafin ta fara aiki. Tawa tauri tun daga sama.

Ya kwanta ƙasa ya taɓa cokalin da ke tura boris, ko motsi. Abin da ya faru shi ne, sabon giyabos ya zo da nasa cokalin, wanda zamansa ya ɗan bambanta, mu kuma muka bar sandar kulocin ƙasa ta tsohon. Ta yi tsawo, ta tura fistin har ƙarshe, sai boris ya zauna yana danne da firesha dare da rana. Kamar dai mutum ya ɗora ƙafa bai ɗauke ba. Kun ga laifin da na ɗora wa direba, ƙarfe ne da bai kai tsawon hannu ba yake yin sa.

Sandar da ta dace ba ta kai kuɗin buhun siminti ba. Amma faranti na biyu ya riga ya ƙone, filawil ya yi tabo shuɗi-shuɗi, sai da aka kai shi Apo aka goge. Sauke giyabos karo na uku ke nan.

Bakaniken nan shi ya yi aikin, kuma ya ƙi karɓar kuɗin hannu, ya ce kuskuren sanda nasa ne. Na ba shi haƙuri a gaban yaran da na ci mutuncinsa a gabansu, ya ce ya wuce. Muna gaisawa, yana gyara mini mota, amma shinkafar da iyalinsa ke aiko mana kowace sallah, tun daga shekarar ba mu sake ganinta ba.