Ziyararmu Lambara: Wa Ake Tambaya Kafin A Ja Titi?

Ranar wata Asabar da sanyin safiya motarmu ta bar Sakkwato ta kama hanyar Birnin Kebbi. Mu goma sha huɗu ne, 'yan ƙungiyar nazarin ƙasa ta makarantarmu, sai malaminmu. Aiki ɗaya ya ba mu: mu je wani gari na bakin titi mu gano abin da titin yake yi wa mutanensa. Garin da ya zaɓa shi ne Lambara, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Shagari, maƙwabciyar Boɗinga.

Da muka shiga yankin Sifawa da Boɗinga, Malam ya sa direba ya rage gudu. Ya tuna mana cewa a Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Wato tun ba a san kwalta ba, malamai da almajirai da fatake suna bin wannan yanki a ƙafa da kan jakuna da raƙuma. Titin da muke kai yanzu shi ne wanda taswira ke kira A1. Ya taso daga Legas, ya ratsa Ibadan da Ilori da Yawuri da Jega, ya wuce Sakkwato har Illela, bakin iyakar Nijar.

Mun isa Lambara da hantsi. An riga an gama girbi, gonaki sun yi fayau, sai tarin karan gero nan da can. A gefen titi akwai mai shayi, mai faci, masu sayar da mai a kwalba, da 'yan mata masu tallar fura da ƙuliƙuli. Duk motar da ta tsaya, sai ka ga an yi mata caa. Ba mu daɗe ba muka fahimci cewa tukwane da yawa a garin nan ba sa hawa murhu sai mota ta tsaya.

Bayan mun gaida manya, aka shimfiɗa mana tabarma a gindin wata darbejiya. Nan hira ta kai mu ga sabuwar hanyar da ake ta magana a kanta a rediyo, wato babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri. Tsawonta kilomita 1,068 ne. Za ta tashi daga Illela ta ratsa jihohin Sakkwato, Kebbi, Neja, Kwara, Oyo da Ogun, ta ƙare a Legas. An ƙaddamar da aikinta a watan Oktoban 2024, kuma da kankare ake shimfiɗa ta. Ministan Ayyuka, David Umahi, ya sha faɗin cewa tunanin gina ta ya samo asali tun zamanin Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki, wanda ya mulki Najeriya daga 1979 zuwa 1983. Hanyar ba ta biyo ta Lambara ba. Ta yamma ta bi, wajen Silame, ta faɗa Jihar Kebbi.

Mun ɗauka za mu tarar da mutane suna baƙin cikin an tsallake su. Sai muka tarar da ra'ayi biyu. Wani saurayi ɗan kabu-kabu ya ce shi tsoronsa shi ne manyan motoci su koma sabuwar hanya, ciniki ya mutu a nan. Wani dattijo mai farin gemu kuwa ya ce shi ya gode Allah da ba ta biyo ta gonarsa ba, kuma ko gobe aka ce za a faɗaɗa wannan titin da ke gabanmu, sai ya ji bayani kafin ya yarda.

Ɗaya daga cikinmu ya yi karambani ya ce, "Baba, ashe akwai mai ƙin ci-gaba?"

Dattijon ya yi murmushi. Ya nuna wata gona a tsallaken titi ya ce, "Ɗiyana, mi kunka gani can?"

Muka ce, "Ba komai, Baba, fili ne."

Ya ce, "To, haka mai awo zai rubuta in ya zo da rani. Amma gonar ga ita ta ciyar da kakana, ita ta ciyar da ni. Damin gero nawa za ta ba jikokina? Wannan ba shi shiga takarda."

Ya ba mu labarin wani ɗan'uwansa a wani gari, wanda ya wayi gari ya ga an kafa turaku masu jan fenti a tsakiyar gonarsa, ba wanda ya ce masa uffan. Da aka gama aiki, titi ya raba gonar biyu, rijiyar da yake shayar da dabbobi ta koma tsallake.

Malam ya ce mana maganar dattijon tana da tushe a doka. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓe fili idan za a yi aikin amfanin jama'a, kamar titi ko asibiti. Diyyar da dokar ta tanada ta fi karkata ga abin da ke kan filin: gini, amfanin gona da itatuwa masu amfani. Ita ƙasar kanta ba a saye ta da farashin kasuwa. Ke nan manomin da ya gaji gona ba tare da takarda ba, aka kuma auna ta lokacin da ba shuka, yana iya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba.

Daga nan tambayoyi suka yi ta fitowa daga bakin mutanen da suka kewaye mu. Idan titi mai faɗi ya ratsa gari, ta ina yara za su tsallaka zuwa makaranta? Ta ina shanu za su bi idan an datse burtali? Ina ruwan damina zai nufa idan an ɗaga titi sama da gidaje? Maƙabarta fa? Ba mu ji wanda ya ce kada a yi titi ba. Kowa ya san darajarsa ranar da mace mai naƙuda take buƙatar asibiti, ko ranar da albasa ke neman ruɓewa kafin ta kai kasuwa. Abin da suke nema shi ne a tambaye su kafin a ja layi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Irin wannan ƙorafi ba a ƙauye kaɗai ake yin sa ba. Da aka fara hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba a 2024, mai tsawon kimanin kilomita 700, an rushe gine-gine a bakin teku, har da wani sashe na wurin shaƙatawa na Landmark. Mazauna Okun Ajah sun ɗaga murya kan gidajensu. A watan Mayun shekarar ministan ya sanar da karkata hanyar a wani sashe, don kauce wa wayoyin sadarwa da suka fito daga ƙarƙashin teku da kuma matsugunan jama'a. Layin da injiniya ya zana yana iya motsawa, amma kafin a zuba kankare.

A nan ne Malam ya juyo kanmu. Ya ce tun 1992 Najeriya take da dokar da ta wajabta a binciki tasirin kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Akan ajiye rahoton binciken a wurare irin su sakatariyar ƙaramar hukuma na tsawon kwanakin aiki 21, don jama'a su karanta su rubuta ƙorafinsu. Matsalar ita ce rahoton littafi ne mai kauri, da Turanci, sanarwarsa kuma a jarida take fita. Sau da yawa wa'adin kan cika manomi bai ma ji labari ba.

"Wa zai karanta wa Baba?" in ji Malam. Muka yi tsit, domin mun san amsar. A gidaje da yawa, ɗan sakandare ne mai karanta takardar asibiti da saƙon waya. Shi ne zai iya duba taswira ya ce ga inda layin ya bi, ya rubuta wa mai gari wasiƙa, ya ɗauki hoton gona tun tana kore, ya ƙirga mangwaro da ɗorawa da ke cikinta ya ajiye a rubuce.

Bayan azahar muka yi sallama. Dattijon ya rako mu har bakin mota, ya sa aka kawo mana fura a ƙwarya, ya hana mu biya. Sai da muka jira tirela biyu suka wuce kafin muka tsallaka titi, muna riƙe da hannun ƙananan cikinmu.

Aikin da Malam ya ba mu a hanyar komawa, mu ma mun miƙa muku shi: kowa ya zana taswirar garinsu, ya nuna makaranta da rijiya da burtali da maƙabarta, ya tambayi manya sunan mai kowace gona da ke bakin hanya. Tamu taswirar ta Lambara tana manne a bangon ajinmu, kuma mun yi alkawarin aika wa Baba kwafinta.