Daga Madrid zuwa Sevilla: Sunayen Gari a Bakin Masu Gari

Yawancinmu a gidan kallon ƙwallo muka san garuruwan Sifaniya, kuma da bakin Turancin Ingilishi muke kiran su. To amma wanda ya tsaya gaban mai sayar da tikiti a tashar Atocha ta Madrid ya ce zai je "Jayen", sai dai a tsaya ana kallon-kallo. Jaén ake rubutawa, amma harafin j a Sifaniyanci daga maƙogwaro yake fita, kamar kha'un ɗin da muka koya a makarantar allo. Haka g take in e ko i ta biyo ta, shi ya sa Getafe ta zama "Khetafe".

Abin da ya fi burge ni shi ne Bahaushe ya fi Bature ɗan Ingila sauƙin wannan harshe, muddin ya ajiye Turancinsa a gefe. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ba sa sauya murya kamar na Turanci. Yadda muke karanta su a Hausa haka suke. Ch ɗinsu kuwa c ɗinmu ce, wato Atocha "Atoca" ce.

Jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ake kira AVE ya fara bin wannan hanya a 1992, kuma cikin kusan awa biyu da rabi yake kai mutum Sevilla. A hanya zai tsaya Córdoba, garin da malamanmu ke kira Ƙurɗuba, inda mai tafsirin nan Alƙurɗubi ya samo sunansa. Ɗan karan da ke bisa o ɗin ba ado ba ne, yana nuna gaɓar da za a ƙarfafa: KORdoba, kamar yadda ake cewa MAlaga. Tsohon masallacin garin, wanda aka mayar coci a 1236, har yau Mezquita ake ce masa. A nan qu k ce kawai. Ita kuwa z, mutumin Madrid zai sa harshe tsakanin haƙora kamar mai faɗin tha'un, ɗan Córdoba kuma ya ce "Meskita" abinsa, kamar mutanen Meziko.

Kogin da ya ratsa Córdoba shi ne ya gangara Sevilla, sunansa Guadalquivir. A takarda yana da ban tsoro, amma ka ce "Gwadalkibir" a hankali za ka ji Larabcin da ke ciki, Alwadil Kabir, babban kwari. Sifaniyawa ba sa bambanta v da b, ll kuma a bakin mafi yawansu y ce, don haka mai sharhin ƙwallon da ke cewa "Sevila" ya yi kuskure biyu a kalma ɗaya. "Sebiya" ne. H kuma ba a furta ta sam: fadar Alhambra da ke Granada "Alambra" ce, duk da cewa Alhamra'u ne asalinta.

Inda Bature ke shan wahala sosai shi ne r. Pero na nufin "amma", perro kuwa kare ne, bambancin kawai a kaɗa harshe sau ɗaya ko a karkaɗa shi. Mu da muke cewa "tarbiyya" da "sharri" tun muna yara, ba sai mun yi atisaye gaban madubi ba.