Ba a Fafe Gora Ranar 1 ga Janairu

Kwana uku ke nan duk inda na leƙa a Facebook da WhatsApp ƙudurori nake gani. Wannan zai rage tumbi, wancan zai daina cin bashi, wani bana sai ya yi wa gidansa rufi, wani kuma zai koma makaranta. Allah ya cika wa kowa burinsa. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina, ko da za ku ce Malam ya zo da nashi.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san wannan abin fiye da kowa, don kusan sana'armu ce. Duk ƙarshen shekara za a zauna a tsara kasafin kuɗi, a buga shi tsaf, a ɗaure da bango mai kyau. Sai watan Satumba ya zo ka buɗe fayil, ka kwatanta abin da aka rubuta da abin da aka saki, ka yi shiru. To ƙudurin Janairu kasafin kuɗi ne na mutum ɗaya. Sanarwar ba ta da wuya, sakin kuɗin ne aiki, shi kuma kullum ake yin sa.

Sannan mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a wannan yanki namu, wa ke riƙe da shekara a hannunsa? Wanda ya tsara rayuwarsa a Janairun 2023 bai san ranar 29 ga Mayu za a cire tallafin man fetur ba. A 2024 masara ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, mutane suka ruga gona, wasu har da bashi. A kakar 2025 farashi ya faɗo, taki kuwa ya ƙi saukowa. Ka shiga kasuwar Dandume ko ta Bakori ka ji yadda manomi ke lissafin buhu nawa zai sayar kafin ya sayi buhun taki ɗaya. 'Yan'uwanmu na Faskari da Sabuwa kuwa, akwai shekarun da zuwa gonar ma sai an yi shahada saboda 'yan bindiga. An sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, amma kasuwa ta riga ta cinye ƙarin tun kafin alat ya shigo. Wanda ya jingina gyaran kansa da yadda shekara za ta kasance, ya jingina da zana. Yinin yau ne kawai aka damƙa mana.

Wannan darasi a gona na koye shi, ba a jami'a ba. Ina da 'yar gonata a hanyar Malumfashi, kuma ban taɓa jin manomin kirki ya tara mutane ya ce ya yi ƙudurin samun buhu ɗari ba. Abin da yake yi shi ne, tun a kaka ya ware iri. Da rani yana ta kai takin gargajiya kaɗan-kaɗan. Ruwa na zama ya yi shuka. Cikin sati biyu zuwa uku ya yi noman farko ya sa taki, a sati na biyar ko na shida ya bi da yuriya. In ka makara da sati biyu, ko ka zuba ninkin takin ba za ka maido da abin da ciyawa ta sha ba. Ga kuma tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016. Mai zagaya gonarsa da sassafe yana buɗa ganye shi ke kama ta tana ƙarama. Mai zuwa sau ɗaya a wata, kara zai tarar. Masu ban-ruwan tumatir a Danja ma haka, ba a tara ruwan sati a zuba rana ɗaya. Jikinka da aljihunka da tarbiyyar 'ya'yanka duk haka suke.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da zafi shi ne ritaya. Shekara 35 a aiki ko shekara 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa, ka tattara. Mu da ke cikin arba'in, lissafin ya fara gajarta. Na yi aiki da wani babba, mutumin kirki wallahi, duk Janairu sai ya zana mana tsarin gidan gona: kaji dubu, shanu, rijiyar burtsatse. Yana jiran lokacin da kuɗi za su zo a dunƙule. Har aka yi masa walimar ban-kwana filin na nan da ƙaya, ya koma jiran giratuti. A ofishin nan dai akwai masinja da bai kai rubu'in albashinsa ba. Shi duk wata bulo ashirin yake saya ya jibge, in abu ya yi wuya ya sayi goma. Muna tsokanarsa da cewa Baba, wannan gini sai jikoki. Yau a gidansa yake kwana. Da yayyafi kogi kan cika, na gani da idona.

Ni dai abin da na riƙe ba shi da yawa. Ɗan littafi a aljihu, duk abin da na kashe in rubuta kafin in kwanta. Tattaki bayan Asuba, ko na minti ashirin ne, saboda hawan jini ya ɗauke mana abokai da yawa. Ranar albashi in cire kuɗin taki in kai adashi kafin in biya ta kasuwa, don kada Yuni ta same ni ina neman rance. Bayan Magariba in zauna da yaran in duba littattafansu, wayata na caji a ɗaki. Wata rana abu ya taso a rasa ɗaya, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Mai ƙudurin shekara in ya karye a Fabrairu sai ya ce to shi ke nan, sai baɗi. Wata goma sun tafi a banza.

Kada wani ya ce na hana tsari. Manomi ma ya san gonar da zai sa masara da wadda zai sa waken suya tun kafin hadari ya haɗo. Ka yi burinka, ka rubuta shi ma. Amma a ƙasansa ka rubuta abin da za ka yi masa gobe da safe, ƙarami wanda ko ranar da ba ka da ko sisi za ka iya. In ka rasa abin rubutawa, to ba ƙuduri ba ne, fata ne.

Kuma in Janairu ta kuɓuce maka, ba sai ka jira Ramadan ko Muharram ko ruwan farko ba. Talata ma rana ce.

Ku fa, wane ƙaramin abu kuke yi kullum da kuka ga amfaninsa? Ku faɗa mana mu ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a Katsina da ƙasa baki ɗaya.