Ɗan Tiyon Da Aka Toshe Da Ƙusa

Duk wanda ya girma a cikin birnin Kano ya san Fijo 504. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ita kuwa ba a daina yin ta a can ba sai 2006. Ta yi aikin gwamnati, ta yi tasi, ta ɗauki amare. Yau 'yan kaɗan suka rage, mafi yawa a hannun dattawa, ɗaya daga cikinsu kuwa baffana ne. Da ita ake kai kakarmu asibiti, da ita ake zuwa ƙauye gaisuwa.

Da kafiretarta ta asali, wato Solex, ta cinye har gyara ya ƙi, sai aka nemo Weber mai maƙogwaro biyu a kasuwar Ƙofar Ruwa, wani bakanike ya ɗaura. Inji ya tashi, murya ta yi daɗi, aka biya shi. Amma akwai wani ɗan siririn tiyo, bai kai ɗan yatsa kauri ba, da ya fito daga jikin distiributa. Bakaniken bai tsaya neman gurbinsa a sabuwar kafireta ba. Ya tura masa ƙusa a baki, ya lanƙwashe shi, ya ce, "Alhaji, wannan ado ne na Turawa."

To, ba ado ba ne. Fetur da iska ba sa ƙonewa farat ɗaya a cikin inji, suna bukatar ɗan lokaci, don haka dole filogi ya ba da wuta tun fistan bai kai ƙololuwa ba. Abu biyu ne ke gaggauto da wutar. Na farko wasu 'yan ƙarafa ne a cikin distiributa masu buɗewa idan inji ya ƙara gudu. Na biyu shi ne wannan tiyo. Idan direba ya ɗan taka totur yana tafiya salin alin, abin da ke shiga inji kaɗan ne, cinsa da wuta kuma a hankali yake, sai an kunna shi da wuri. A daidai wannan hali inji yana zuƙa da ƙarfi, zuƙar ta bi tiyon ta ja wani tantanin roba, shi kuma ya ɗan juya faifan distiributa, wuta ta zo da wuri. Da an taka totur har ƙasa zuƙar ta faɗi, faifan ya koma mazauninsa, inji ya tsira daga ƙwanƙwasa.

A nan ne nake yi wa bakaniken uzuri, ko da yake ban yarda da shi ba. Mota tana tsaye tana silo, tiyon ba ya aikin komai. An take ta da ƙarfi, nan ma haka. Waɗannan biyun kuwa su ne gwajin gareji. Asarar tana tsakiya, wajen tafiyar yau da kullum, inda mai ke fita ta salansa bai gama ba da ƙarfinsa ba, inji kuma ya yi ta ɗaukar zafi. Mai aljihu ne kaɗai ke ganinta. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, sai Baffa ya fara zancen sayar da motar, yana cewa ta tsufa ta koma rijiya.

Na roƙe shi ya ba ni yini guda. Muka kai ta wajen wani tsohon bakanike da ya yi zamani da 404. Kafin ya taɓa sifana, ya zare ƙusar, ya cire hular distiributa, ya sa tiyon a baki ya tsotsa. Faifan ya motsa. Ya toshe da harshe, faifan ya tsaya cak bai koma ba. "Tantanin da ransa, Alhaji," in ji shi.

Saura ina za a cusa shi. Kafa biyu ce, a kanta kuma masu tsofaffin motoci suka daɗe suna gardama har a Ingila da Amurka. Ɗaya tana ƙasan faifan totur, a jikin manifol, tana zuƙa ko a silo. Ɗayar tana gindin kafireta, dab da saman faifan, ba ta zuƙa sai an taɓa totur. Ganewa ba wuya: a ɗora yatsa a bakin kafar inji yana silo. Masu son ta manifol suna da hujja, domin wuta da wuri a silo takan rage zafin inji, wanda kuwa ya taɓa maƙalewa tsakanin Mandawari da Kasuwar Kurmi a watan Afrilu ba zai raina wannan ba. Muka gwada. Silo ya haura, ya riƙa hawa da sauka. Tsohon ya ce distiributar nan da kafar kafireta aka haife ta, can ya mai da tiyon.

Sannan ya gano wani abin. Wancan bakanike, don ya rufe sanyin da motar ta yi, ya murɗa distiributar gaba, shi ya sa take ƙara kamar tsakuwa a gwangwani in an hau tudu da kaya. Tsohon ya cire tiyon, ya toshe kafar, ya daidaita taimin, sa'an nan ya mayar.

Na tambaye shi sunan tiyon da Hausa, tunda mu 'yan ƙungiya wannan ne ciwonmu. Ya yi dariya ya ce shi dai in yana son yaronsa ya miƙo, cewa yake "na zuƙa". Na rubuta a littafina. Baffa bai ce ya fasa sayarwa ba, amma ranar Juma'ar da ta biyo ya sa an yi mata sabon fenti a ƙofar baya.