Karatun tsufa da ɗiyata ta tafi yi

Ranar da ɗiyata ta biyu ta shaida mini cewa, bayan bakaloriya da samun gurbin karatu a Kanada, ilimin tsufa ta zaɓa, sai da na ajiye kofin shayina na sake tambayarta, domin na zaci likitanci take nufi. Ta ce: "A'a Baba, jerontoloji ake kiransa, kuma daga shekarar farko ta jami'a ake fara shi." Da labari ya isa fadarmu ta yamma, wani Alhaji ɗan kasuwa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce na tura yarinya ƙasar ƙanƙara ta koyo yadda ake tsufa, alhali da na kawo ta nan sun koya mata kyauta.

Ban ga laifinsa ba, ni ma raina bai kwanta ba. Ƙasarmu ta yara ce: kusan rabin ƴan Nijar ba su wuce shekara 15 ba, waɗanda suka kai 65 kuwa ba su cika 3 cikin 100 ba. Wa zai ɗauki mai irin wannan takarda aiki? Ga kuma abin da ya fi damuna, wanda ban faɗa mata ba: na ɗauka karatun mutanen da ke kai iyayensu gidan ajiyar tsofaffi ne, mu kuwa da muke zaune da namu gida ɗaya ba mu da abin koyo a wurinsu.

Takan ba ni labarin darussanta ta waya, ina saurare da rabin kunne. A nan na ji cewa Élie Metchnikoff, masani ɗan Rasha da ya yi aiki a Cibiyar Pasteur ta Paris, shi ya raɗa wa fannin suna a 1903, kuma dabam yake da jeriyatiri, reshen likitanci mai kula da cututtukan tsofaffi. Su ana haɗa musu yadda jiki ke canzawa, da halin ƙwaƙwalwa, da zaman iyali, da lissafin kuɗin masu ritaya.

Sai azumin 2024 ya zo cikin zafin da ba a manta da shi ba, wanda a farkon Afrilu ya haura digiri 48 a Kayes ta ƙasar Mali. Inna, mahaifiyata, ta haura tamanin, amma ta ce ba ta ajiye azumi. Cikin goman ƙarshe muka wayi gari tana kirana da sunan mahaifina marigayi, da dare kuma aka same ta a bakin ƙofa tana neman hanyar ƙauyen da ta baro tun tana amarya. Nan da nan gida ya cika. Wasu suka ce iska ce, aka kawo turare da rubutu. Wata maƙwabciya kuwa ta hana jikokinta shigowa gidanmu, kuma kowa ya san abin da hakan ke nufi idan tsohuwa ce ake magana a kanta.

Na kira ɗiyar tawa ne don in sanar da ita, ba don neman shawara ba. Ta tare ni da tambayoyi: yaushe abin ya fara, ruwa nawa Inna ke sha tsakanin buɗa baki da sahur, akwai zazzaɓi, fitsarinta ya ragu? Sannan ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk shekarun da na yi ina aikin gwamnati. Mantuwar da ke shigowa sannu a hankali cikin shekaru, irin wadda Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, hanyarta dabam. Ruɗewar da ta faɗo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa sau da yawa ƙarancin ruwa ne, ko ciwon mafitsara, ko wani magani, kuma tana warkewa in an hanzarta. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ruwan jikinsa ma bai kai na yaro ba. Ta tuna mini zafin 2003 a Faransa, da ya kashe mutum kusan 15,000, akasarinsu tsofaffi. Ta ce: "Baba, ni ba likita ba ce. Ku kai ta asibiti yanzu, kada ku jira safiya."

Aka yi mata ƙarin ruwa. Kwana uku bayan nan Inna na zaune tana faɗa da mu kan wanda ya taɓa carbinta. Limaminmu ya zo da kansa ya shaida mata cewa shari'a ta ɗauke mata azumi, a ciyar a madadinta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mu goma sha muna kewaye da ita, kowa na ƙaunarta, amma babu wanda ya lura da cewa ba ta shan ruwa. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 tsawon ran ɗan Nijar bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60, ga ƴaƴa sun watsu Yamai da Legas da wuraren haƙar zinari. Ma'aikaci na da ɗan abin da zai karɓa bayan ritaya, ɗan kasuwa kuwa sai abin da ɗansa ya aiko.

Har yanzu ban san inda yarinyar za ta samu aiki ba in ta dawo. Inna dai ta koma tsokanarta ta waya, tana kiranta kishiya mai tilasta wa mutane shan ruwa. Shi kuwa Alhajin fadarmu, makon jiya ya ja ni gefe, ya sassauta murya, ya ce mahaifinsa ya fara ɓacewa a hanyar masallaci, ko zan ba shi lambar yarinyar.