Kai Kwal Newcastle, Kai Goro Gwanja

Ɗalibin fassara da ya ci karo da karin maganar Ingilishi "to carry coals to Newcastle" yakan tsaya turus, domin saninsa da Newcastle bai wuce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ba. Birnin yana bakin kogin Tyne a arewa maso gabashin Ingila, kuma daga tasharsa jiragen ruwa suka shekara ɗaruruwa suna jigilar kwal zuwa Landan. Don haka wanda ya kai kwal can ya yi aikin baban giwa. Tun ƙarni na 17 ake samun maganar a rubuce.

Fassarar kalma da kalma ba za ta gamsar da Bahaushe ba. Amma da ɗalibin zai ce "kai goro Gwanja", da dattawa sun gane nan take, domin kasuwar Salaga fatake suke nufa saro goro.

Sai dai mahaƙan kwal na yankin sun rufe, kasuwar Salaga kuma ta durƙushe bayan yaƙin basasar 1892. Matasan ƙasashen biyu sun gaji maganar ba tare da tarihinta ba, kuma wajibin malami ne ya koyar da su tare.